Malam Aminu Kano da Gidansa na Mambayya

Duk wanda ya je Gidan Mambayya da ke Gwammaja a birnin Kano zai ga hotuna da takardu na zamanin NEPU da PRP, amma abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne ƙanƙantar ɗakunan da mai gidan ya zauna a ciki, shi da ya yi kwamishina a gwamnatin tarayya, ya kuma nemi shugabancin ƙasa.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa a shekarar 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya gama a 1942. Aikinsa na farko koyarwa ne a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 aka tura shi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Da ya dawo ya shiga gaba wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye alli ya rungumi siyasa.

Malamanmu sun san nauyin wannan mataki. A wancan zamani albashin malami abin taƙama ne, ga shi kuma NEPU ba jam'iyyar samu ba ce. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e saboda sun ce talaka ma yana da bakin magana. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ma ba su tsira ba. Shi kansa Malam ya sha faɗuwa zaɓe kafin ya shiga majalisar tarayya a 1959. A mulkin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa, sannan ta lafiya.

A 1979 PRP, mai alamar mabuɗi, ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana kuka a kai. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin biyu kuma suka kasance a ɓangaren da ba na Malam ba.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe, aka binne shi a harabar gidan. Daga baya gidan ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, aka keɓe wani sashe don adana kayan tarihinsa. Allah ya jiƙan Malam, ya kyauta makwanci.