Malam Aminu Kano, Wakilin Talakawa (1920-1983)

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a shekarar 1920. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Yusufu kuwa ma'aikaci ne a kotun alƙali. Bayan karatun allo ya shiga lakwal a Kano, daga nan ya wuce kwalejin Kaduna, inda ya fito da takardar malanta a 1942. Ya koyar a Bauci, ya je Ingila ƙarin ilimi a 1946, sa'an nan aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru, cikin lardin Sakkwato na wancan zamani.

A 1950 ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa, ya shiga jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga watan Agusta na wannan shekara. Ya zama shugabanta a 1953. Kukan jam'iyyar bai ɓoyu ba: aikin tilas, nauyin haraji da jangali, da shari'ar da ba ta sauraron talaka. Kalmar da suka riƙe ita ce sawaba, wadda a nan Nijar ma ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary.

Hanyar majalisa ba ta zo masa da sauƙi ba. A zaɓen 1951 ba a jefa ƙuri'a kai tsaye, hawa-hawa ake yi. NEPU ta ci matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai mataki na ƙarshe, inda mutanen sarakuna suka fi rinjaye, ko kujera guda ba ta samu ba. An ɗaure magoya bayanta da dama, an yi wa wasu bulala. Shi kansa ya faɗi zaɓen 1954.

Sai a 1959 mutanen Kano ta Gabas suka zaɓe shi depite a majalisar wakilai ta tarayya da ke Legas. Shekara biyar ya yi a kan kujerar, yana neman a buɗe wa ƴaƴan talakawa makarantu, a kuma bai wa matan Arewa ƙuri'a, domin a lokacin maza kaɗai ke zaɓe a can. Ya rasa kujerar a 1964. A zamanin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, daga baya ta kiwon lafiya.

A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, ya tsaya takarar shugabancin Najeriya a 1979, bai ci ba. Amma a wannan zaɓe matan Arewa sun jefa ƙuri'a, kuma gwamnonin jam'iyyarsa, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suna hawa suka soke haraji da jangali.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga watan Afrilu 1983, a ƙaramin gidansa na Gwammaja, bai bar dukiya ba. An sa sunansa ga filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa, gidan nasa kuma ya zama wurin nazarin siyasa da ake kira Mambayya. Zaɓen da ya faɗi ya fi wanda ya ci yawa, amma abubuwan da ya nema wa talaka ya ga wasunsu da idonsa kafin ya cika. Allah ya jiƙansa da rahama.