Marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911–1981)

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Yana malanta ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, daga baya ya rubuta Magana Jari Ce.

A 1939 ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, lokacin da jama'a da yawa ke ƙyamar boko. Da daɗin Hausarsa ya jawo su ga karatun jarida. A 1943 ya ziyarci Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma.

Ya rasu a 1981. Allah ya jiƙansa, amin.