John Kemeny, Malamin Lissafi

An haifi John Kemeny a Budapest, ƙasar Hangari, cikin 1926. Yahudawa ne, saboda haka suka gudu Amurka cikin 1940 don tsoron Hitler. Ya gwanance da lissafi har ya zama mataimakin Einstein.

Da ya kama koyarwa a kwalejin Dartmouth, sai ya tarar ɗalibi ya kan miƙa wa masu kwamfuta aikinsa bisa kati mai huji, ya jira amsa, watakila sai gobe. Mu nan Jalingo mun san yadda yaro ke sanyi in littafinsa ya kwana wurin malami.

Cikin 1964 shi da Thomas Kurtz suka ƙago harshen BASIC. Ɗalibi ya buga, na'ura ta amsa nan take, ya gyara kuskurensa. Kemeny ya rasu cikin 1992.