Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: Ministan da bai ɓoye ciwon gidansu ba

Ranar 3 ga Agusta, 1997, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya shaida wa manema labarai a Legas cewa cutar ƙanjamau ce ta yi ajalin ƙanensa, mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti, wanda ya rasu ranar 2 ga watan yana da shekara 58. A wancan zamani iyalai kan ɗora irin wannan mutuwa a kan taifot ko sammu domin gudun abin kunya.

An haifi Olikoye ranar 30 ga Disamba, 1927, a Ijebu-Ode. Mahaifinsa, Rabaran Israel Ransome-Kuti, malamin makaranta ne, mahaifiyarsa Funmilayo kuwa fitacciyar mai fafutukar haƙƙin mata. Ya karanci likitanci a Kwalejin Trinity da ke Dublin, ya ƙware kan lafiyar yara, har ya zama farfesa a Jami'ar Legas.

A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi Ministan Lafiya, ya riƙe muƙamin zuwa 1992. Shi ya karkata akalar ma'aikatar zuwa ga kiwon lafiya a matakin farko, wato rigakafin yara, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, da shayar da nonon uwa. A zamaninsa aka fitar da Manufar Lafiya ta Ƙasa ta 1988, kuma a 1986 aka fara sanar da ɓullar ƙanjamau a Najeriya, lokacin da mutane da dama ke ɗaukar ta ciwon Turawa.

Fela kansa bai yarda da samuwar cutar ba. Da yayansa ya yi shiru, da an binne shi tare da sirrinsa. Olikoye ya zaɓi ya faɗi gaskiya, kuma sanarwar ta sa 'yan Najeriya masu yawa suka gane cewa cutar tana cikin gida. Ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuni, 2003.

Kunyar da ya ture a ranar nan har yanzu tana nan a gidaje. Binciken ƙasa na 2018 ya sanya Taraba cikin jihohin da cutar ta fi yawa. Uba ko uwa a unguwar Barade ta Jalingo da aka kawo wa sakamakon gwajin ɗansu sukan fara da tambayar inda ya kwaso ta, kuma idan ta bayyana cewa yana hulɗa da maza 'yan'uwansa, kunyar kan ninka har ta kai ga kora. Wanda aka kora daga gida kan yi wasa da magani, alhali maganin da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati yana danne ƙwayar cutar ne idan ana shan sa kullum. Abin da ɗan yake buƙata a ranar shi ne wanda zai raka shi asibiti, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.