Tarihin Sarkin Santambul Muhammadu Rashad da Yadda Daularsa Ta Shiga Yaƙin Duniya

Muhammadu Rashad ɗan Sarki Abdulmajid ne, an haife shi a Santambul cikin 1844. Wansa Abdulhamid ya tsare shi cikin gida kimanin shekara talatin, ba ya sa hannu ga sha'anin mulki. A nan ya duƙufa ga karatun Farisanci da littattafan sufaye, bisa ɗariƙar Jalaluddin Rumi. Da aka tuɓe Abdulhamid cikin 1909 sai aka naɗa shi sarki kuma halifa, yana da shekara 64. Amma gadon sarauta da hatimi kaɗai aka ba shi. Iko kuwa, tun daga 1913, yana hannun mutum uku, wato Anwar Basha da Ɗal'at Basha da Jamal Basha.

Ran 28 ga Yuni 1914 wani saurayi mai kishin Sabiya ya harbe magajin sarautar Ostiriya a Sarayebo. Kafin kwana arba'in wuta ta kama Turai, Jamus da Ostiriya waje guda, Rasha da Faransa da Ingila waje guda. Ran 2 ga Agusta Anwar da 'yan kaɗan suka ƙulla alkawari da Jamus a asirce. A kwanakin nan Ingilishi suka riƙe manuwa biyu da Turkawa suka saya gare su, har da kuɗin gudummawar talakawa, ɗaya ma sunanta Rashadiyya. Kowane ɗan kasuwa ya san zafin a biya kuɗi a hana kaya. Sai ga manuwar Jamus biyu sun gudo Santambul, aka ce an saye su, aka ɗaura musu tutar Turkawa, aka sa wa matuƙansu dara, alhali Jamusawa ne. Suka shiga Bahar Aswad da umarnin Anwar, ran 29 ga Oktoba aka yi wa Odesa da Sabastabol na Rasha ruwan igwa. Cikin mako guda Rasha da Ingila da Faransa suka ɗaura yaƙi da daula.

Shaihul Islam Hairi Afandi ya ba da fatawar jihadi da sunan Halifa, aka karanta ta a masallacin Fatih ran 14 ga Nuwamba. Mas'alar da wuya, domin abokan yaƙin Nasara ne kamar abokan gaba. Waɗanda suka amsa kaɗan ne, irin Sanusawa a Libiya da Sarkin Darfur Ali Dinar, wanda aka kashe cikin 1916. Musulmin Hindu da na Afirka da yawa suna cikin rundunar Ingilishi da Faransa.

Basra ta faɗi cikin Nuwamban nan. Anwar ya kai runduna duwatsun Sarikamish da tsakiyar hunturu, dubbai suka halaka, sanyi da ciwo suka taya Rasha. Jamal ya nufi mashigin Suwais cikin Fabrairu 1915, aka komo da shi. A Galiboli ne Turkawa suka tsaya da gaske, suka hana abokan gaba hanyar Santambul, aka yi wa dattijon laƙabin Gazi, shi da bai taɓa ja-gorar runduna ba. Cikin wannan shekara kuma gwamnatinsa ta kori Armaniyawa daga gidajensu, aka hallaka dubun dubatarsu.

Cikin Yuni 1916 Sharif Husaini na Makka ya yi tawaye. Bagadaza da Ƙudus suka fita hannu cikin 1917. Sarki Rashad ya rasu ran 3 ga Yuli 1918, saura wata huɗu daularsa ta ajiye makamai, aka binne shi kusa da ƙabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari, Allah ya yarda da shi.