John Coltrane: Mabushin da ya yarda ya rasa masoya don neman sabon sauti

A ranar 23 ga Afrilun 1967, John Coltrane ya hau dandamali a cibiyar al'adun Afirka da makaɗin Najeriya Babatunde Olatunji ya kafa a unguwar Harlem ta birnin New York. Ciwo na cin sa, amma ya shafe sama da rabin sa'a yana busa waƙa guda. Ba a cika wata uku ba ya rasu.

An haife shi ne a 1926 a garin Hamlet da ke jihar North Carolina ta Amurka. Ya yi suna a ƙungiyar kiɗan jaz ta Miles Davis, sai dai shan ƙwaya ya sa aka sallame shi a 1957. A shekarar ce ya watsar da ita, ya duƙufa kan busa.

A 1960 ya rungumi saksofon samfurin soprano, wata miƙaƙƙiyar sarewar ƙarfe mai siririyar murya irin ta algaita, wadda mabusan zamaninsa suka yi watsi da ita. Da ita ya busa My Favorite Things, waƙar da ta ɗaukaka shi.

Da ya so, da ya ci gaba da maimaita ta yana tara kuɗi. Maimakon haka, ya riƙa warware ta a gaban jama'a yana ƙirƙirar sabon sauti nan take. A wasanninsa na 1961 a Village Vanguard tare da Eric Dolphy, wasu masharhanta sun zarge shi da rusa jaz.

Bai ja da baya ba. Bayan fitar faifansa A Love Supreme a 1965, busarsa ta ƙara kauce wa tsarin da aka saba, har makaɗansa McCoy Tyner da Elvin Jones suka bar shi. Matarsa Alice da Rashied Ali suka maye gurbinsu. A Japan a 1966, waƙar da bai cika minti 14 yana busa ta a faifai ba ta kai kusan sa'a guda.

Ita ce dai ya sake busawa a cibiyar Olatunji. Ya rasu a ranar 17 ga Yulin 1967 sakamakon cutar kansar hanta, yana da shekara 40.