Robert Penn Warren: Marubucin Da Ya Warware Ra'ayinsa

An haifi Robert Penn Warren ran 24 ga Afrilu, 1905, a garin Guthrie na jihar Kentucky, cikin Kudancin Amurka, wato yankin da aka bautar da baƙar fata, wariyar launi kuma ta yi kaka-gida. Da fari nufinsa ya zama sojan ruwa, sai ƙanensa ya jefe shi bisa kuskure, ya rasa ido guda. Wannan ya sa ya nufi Jami'ar Vanderbilt, inda malaminsa John Crowe Ransom ya cusa masa son rubutun waƙa.

A 1930 shi da waɗansu marubuta goma sha ɗaya suka fitar da littafin I'll Take My Stand domin kare rayuwar manoman Kudu. Maƙalarsa da ke ciki ta amince a ci gaba da raba baƙi da farare. Wannan maƙala ta zame masa tabo.

Daga 1934 ya koyar a Jami'ar Jihar Louisiana. A nan shi da Cleanth Brooks suka rubuta Understanding Poetry (1938), wanda ya koya wa ɗalibai su duƙufa kan zubi da salon waƙa ita kanta. A nan ne kuma ya ga irin mulkin Huey Long, tsohon gwamnan da aka harbe a 1935. Daga rayuwar Long ya gina ƙagaggen labarinsa All the King's Men (1946): ɗan talakawa ya hau mulki don ceton talakawa, sai giyar mulki ta kwashe shi. Jigon littafin shi ne mutum ba ya tsere wa abin da ya shuka.

Warren bai keɓe kansa daga wannan hukunci ba. A 1956 ya zaga Kudu, ya rubuta littafin Segregation, ya goyi bayan kawar da wariya. A 1965 ya wallafa Who Speaks for the Negro?, wanda ya ƙunshi hirarrakinsa da shugabannin baƙar fata irin su Martin Luther King da Malcolm X, ya kuma nuna rashin gamsuwarsa da maƙalar ƙuruciyarsa.

Ya ci lambar Pulitzer ta ƙagaggen labari a 1947, da ta waƙa a 1958 da 1979. A 1986 aka naɗa shi mawaƙin ƙasar Amurka na farko. Ya rasu ran 15 ga Satumba, 1989, a jihar Vermont.